Sabbin bas-bas na hanyar Gumel zuwa Maigatari: sun kyautata, amma ban da ranar Alhamis

Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba ta zama abin da magidanci a karkara zai zauna ya yi wa lissafi. Saboda haka da aka zuba sabbin bas-bas a layinmu, masu sayar da tikiti a kan farashi tsayayye, na yi murna ƙwarai, kuma har yanzu ina ganin sun cancanci yabo a wurare da dama.

Duk wanda ya saba shiga Golf daga Gumel ya san yadda ake cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba, sannan a zauna jiran cikon mota har rana ta take. A sabbin bas-bas ɗin kuwa kowa da kujerarsa, ana tashi a kan lokacin da aka rubuta ko mota ta cika ko ba ta cika ba, babu ɗan kamashon da zai fizge maka jaka, kuma kuɗin bai canja don an ga hadari ya haɗo. Direban da na fi haɗuwa da shi mutum ne mai natsuwa, yana tsayawa a bakin ƙauyuka ya jira tsofaffi su sauka a hankali. Da a nan zancen ya tsaya, da na ce kowa ya koma can.

Abin da ya ɓata mini rai ya faru ne ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ana saura mako guda Babbar Sallah. Kowa ya san yadda garin yake cika a irin wannan lokaci, da fatake daga Kudu da masu kawo raguna daga Dungas da Magarya da sauran garuruwan Damagaram, kuma kowa ya san mota tana wuya da yamma. Don haka tun da safe na yanki tikitin dawowa na motar bayan la'asar, ni da gwaggona wadda ta je duba 'yarta, tsohuwa ce mai fama da ciwon gwiwa. Muka iso tasha kafin lokaci, muka tarar da motar a tsaye an cire kujerun baya, yaran mota suna ɗora raguna da buhunan kaya. Na nuna wa mai sayar da tikiti takardarmu, sai ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, wani Alhaji ya yi shatarta, wata tana nan tafe." Gwaggo ta ce masa, "Ɗan nan, ai mun riga mun biya." Ya amsa da cewa, "Baba, daga sama aka ba da umarni."

Muna nan zaune a kan benci, mu da mata masu goyo da ɗalibai, aka kira magariba, babu mota babu dalilinta. Mai tikitin ya kulle ɗakinsa ya tafi salla, bai kuma dawo ba. A ƙarshe Golf ɗin da na guje wa ita muka shiga, a kan kuɗin ranar kasuwa, aka matse tsohuwa a baya da ƙafarta a lanƙwashe, ta kwana tana kuka da gwiwa.

Ban ƙi kamfani ya nemi riba ba, shata kuma halal ce, amma motar da aka riga aka sayar da kujerunta ba ta kamfani ba ce a wannan sa'a, ta masu tikiti ce. Daga ranar ne ma na fara lura da abubuwan da na kau da kai a kansu a da: rumfar jira babu, sai inuwar darbejiya, lambar wayar ƙorafin da aka manna a jikin mota ba a ɗauka, kuma wasu tagogin sun riga sun daina rufuwa tun motocin ba su tsufa ba.

Sauran ranakun mako ina shigarsu, domin sauƙin kuɗin gaskiya ne kuma lokacinsu yana cika. Ranar Alhamis kuwa ba na ba kowa shawarar ya dogara da tikitin dawowa, musamman idan yana tare da tsoho ko maras lafiya. Kuɗin tikitinmu biyu ma da na koma nema, cewa aka yi sai manaja ya sa hannu, manajan kuma kullum yana Dutse.