Asibitin gwamnati ko kemis? Amsa ga mai tambayar ciwon sanyi

Ƙanwata, tsakanin biyun da kika ambata, ki tafi asibitin gwamnati ko da ba ki da inshora. Na bi duka hanyoyin.

Kemis dai yana kusa kuma babu layi, iyakar alherinsa ke nan. Wata huɗu na yi ina haɗiyar kafso ba tare da an auna ni ba, ciwo ya lafa ya dawo.

Da na gaji, sai na yi sammako zuwa babban asibitin garinmu na yanki kati. Kunya ta hana ni buɗe baki, har wata nas dattijuwa ta lura, ta ja ni ciki ta saki labule, ta yi ta lallashina kamar 'yar cikinta. Har gobe ina yi mata addu'a. Aka ɗebi ruwan gaba da tsinken auduga, aka ɗebi jini da fitsari. Gwajin ƙanjamau kyauta aka yi mini, sauran na biya, kuma bai kai abin da na zubar a kemis ba. Bayan kwana 3 na karɓi sakamako.

A can na gane abin da muke kira sanyi ba ciwo ɗaya ba ne. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo yawanci kandida ce, ko budurwa tana samunta. Gonoriya allurar ceftriaxone ake yi mata. Kilamidiya doxycycline ake sha kwana 7, amma mai ciki ba ta shan shi, wani ake ba ta. Tunjere da gwajin jini ake gano shi, allurar penisilin ce maganinsa. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce kilamidiya, domin sau da yawa ba ta nuna alama, a hankali take haurawa ta toshe bututun mahaifa, mace ta zo neman haihuwa ta rasa. Mai kemis ta ina zai bambance waɗannan da ido?

Don Allah ki kiyayi masu tallar maganin sanyi a jarka da robobi, waɗanda ke cewa kwalba ɗaya tana kashe kowace irin cuta. Haka masu cusa miki abin matsi, ƙara ɓata wurin yake yi. Maganin da likita ya rubuta ma, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa kafin ki biya, jabu ya yi yawa a kasuwa.

Kada ki sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin gwaji, yana ɓoye sakamako. Idan kina da miji, kuma gwaji ya nuna cutar da ake ɗauka ta saduwa, dole shi ma a yi masa magani, da abokiyar zama idan akwai, ku ƙaurace wa juna har kowa ya gama nasa. In ba haka ba, ciwon zai sake dawo miki. Ki je da sassafe, ki nemi ma'aikaciya mace idan hakan ya fi miki sauƙi. Allah ya ba ki lafiya.