Roundcube Na Jan Ƙafa: A Zauna da Apache ko a Koma Nginx?

Ɗan'uwa, ka ce sabarka mai RAM gigabait 4 tana ɗauke da Roundcube, manhajar karanta imel ta burauza, a kan sabar yanar gizo ta Apache, Dovecot mai kula da akwatunan saƙo na bayansa, kuma da safe idan kowa ya buɗe akwatin saƙonsa sai shafi ya riƙa jan ƙafa. Kana tambaya ko ka tattara ka koma Nginx, wata sabar yanar gizon. Amsar tana rataye da abin da ba ka faɗa ba: ta wace hanya Apache ɗinka ke gudanar da PHP, harshen da aka rubuta Roundcube da shi?

In tsohuwar hanyar nan ce ta prefork da mod_php, inda PHP ke zaune a cikin Apache kansa, to ga rabin ciwon nan. A wannan tsari duk haɗin da burauza ta buɗe yana kama ma'aikaci (process) guda sukutum, kuma kowane ma'aikaci na goye da PHP, ko da ɗan hoton maɓalli aka aike shi ya ɗauko. A ce kowanne na cin megabait 50, ka kuma bar MaxRequestWorkers, wato iyakar yawan ma'aikata, a 150 kamar yadda yake zuwa a Debian da Ubuntu. Lissafin ya haura gigabait 7 a na'urar da ke da 4. Da RAM ta cika sai a fara jibge kayanta a faifai, daga nan komai ya tsaya cik, har da Dovecot da bai ji ba bai gani ba.

Nginx, wanda Igor Sysoev ya fitar a 2004, da wata dabara aka gina shi. Ma'aikatansa 'yan kaɗan ne, amma kowanne na riƙe ɗaruruwan haɗi a lokaci guda. Hotuna da fayilolin JavaScript shi ke miƙa su da kansa, aikin PHP kuwa sai ya tura wa PHP-FPM, manhajar da ke gudanar da PHP a gefe da nata ma'aikatan. Haɗin da ke zaune ba ya yin komai kusan ba ya cin RAM a wurinsa. A wannan fage ya yi wa prefork fintinkau.

Sai dai shi ma Apache ba a nan ya tsaya ba. Tun fitowar 2.4 a 2012 tsarin event, wanda ba ya ɗaure ma'aikaci ga haɗin da ke zaune, ya nuna sosai, kuma in ka haɗa shi da PHP-FPM ta hanyar proxy_fcgi, rabon aikin ya zama irin na Nginx: Apache na tsaron ƙofa, FPM na aikin ciki. Ka kuma samu HTTP/2, sabon salon zance tsakanin burauza da saba, wanda ba ya tafiya da prefork. A saba mai girman taka, da wuya mai karanta wasiƙa ya ji bambanci tsakanin su biyun.

Inda suka rabu da gaske shi ne wahalar ƙaura. Roundcube na zuwa da fayil ɗin .htaccess da ke rufe wuraren da bai kamata baƙo ya leƙa ba. Apache na karanta shi, Nginx ko kallonsa ba ya yi, don haka foldojin config da temp da logs da hannunka za ka rufe su. Wannan ba wurin ganganci ba ne, domin a config kalmar sirrin rumbun bayananka take. Sannan client_max_body_size na Nginx, wato iyakar girman abin da burauza za ta aiko, megabait 1 ne in ba ka taɓa shi ba, sai ka ga an maƙala fayil ana samun kuskuren 413.

Ko wanne ka zaɓa, FPM ne zai ɗauki kayan, kuma pm.max_children, wato iyakar ma'aikatansa, na zuwa ne a 5. Duk shafin Roundcube da ke buɗe yana leƙo saba bayan kowane daƙiƙa 60 ya ga ko sabon saƙo ya shigo. Mutum 300 ke nan buƙata 5 a kowace daƙiƙa, tun kafin wani ya danna komai. In kowace buƙata na ɗaukar daƙiƙa guda, ma'aikatan nan biyar sun ƙare. Ka auna abin da ma'aikaci ɗaya ke ci, ka ware rabon Dovecot da rumbun bayanai, ka raba ragowar RAM da abin da ma'aikacin ke ci; abin da ya fito shi za ka sa a pm.max_children. Ka kuma tabbata OPcache, wanda ke hana a sake fassara lambar PHP a kowace buƙata, a kunne yake.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne ba ka zargi ɓangaren wasiƙar ba ko kaɗan. PHP ba ya riƙe haɗi daga wannan buƙata zuwa ta gaba, shi ya sa duk danna ɗaya sai Roundcube ya sake sallama wa Dovecot ta IMAP, hanyar karanta saƙonni daga saba, ya miƙa kalmar sirri, ya buɗe folda, ya ɗauki abin da ya zo nema, ya fita. Ma'aikacin PHP na tsaye yana jira duk tsawon lokacin nan, kuma babu ruwan wannan jira da sunan sabar da ke ƙofa. In Roundcube da Dovecot a na'ura ɗaya suke, ka haɗa su ta localhost, wato adireshin cikin na'urar, ba tare da ɓoye zance na TLS ba. In tantance kalmar sirri na bi ta wani rumbu irin LDAP ko SQL, ka ba auth_cache_size na Dovecot, mai tuna waɗanda aka riga aka tantance, wani adadi, domin a kashe yake zuwa. A Dovecot 2.3 kowane mai shiga ana tayar masa da sabon ma'aikacin imap-login, iyakarsu 100; service_count = 0 na sauƙaƙa wannan ta barin ma'aikaci ɗaya ya karɓi masu shiga da yawa, ko da yake ka ɗan rage katangar da ke tsakanin masu shiga. Akwai kuma imapproxy da ke riƙe haɗin a buɗe. Binciken kalma a cikin jikin saƙonni shi ne mafi nauyi: in babu fihirisar Solr ko Xapian, wasiƙa bayan wasiƙa Dovecot zai bi yana karantawa.

Da ni ne, tunda hannunka ya saba da Apache, zan bar shi, in cire mod_php, in koma event da FPM. Nginx sai ranar gina sabuwar saba. Kafin nan, gobe da safe ka gudanar da vmstat lokacin cunkoso ka duba si da so, masu nuna ko ana jibge kayan RAM a faifai, ka sa request_slowlog_timeout na FPM a daƙiƙa 3 don ya rubuta buƙatun da suka jinkirta, ka turo mana abin da ya fito.