Shagon da bai yi wa kwamfutata fomatin ba

Aikina lissafi ne. Ina riƙe wa 'yan kasuwa uku a Dawanau littafin shiga da fita na riɗi da zoɓo da citta, kuma duk a kwamfuta ɗaya nake yi, tafi-da-gidanka ce ta hannu da na saya shekara huɗu da suka wuce. Ba ta taɓa ba ni kunya ba sai da kaka ta shigo, daidai lokacin da motoci ke layi ana ɗora buhu a sikeli. Ina cikin shigar da kuɗi sai allon ya koma shuɗi, ga wata fuskar ɓacin rai a gefe, ga lamba tana ƙirgawa zuwa 100, sannan ta mutu ta tashi da kanta. Wata rana ta yi sau uku, wata rana ko ɗaya. Sau biyu na rasa aikin rabin wuni, har Alhajin da nake wa lissafin riɗi ya ce mini, "Malam, in abin nan ya gaji mu koma biro da takarda, su ba sa suma."

Ni a zatona zafi ne. Da dare a gida ba ta taɓa yi ba, sai da rana a kasuwa. Har fankar da ake shimfiɗa wa kwamfuta a ƙasa na saya, ba ta tsinana komai ba.

Mai gyaran farko ko allon bai kalla ba ya ce bairos ne, a yi fomatin a sauke sabon Windows. Aka yi, na biya, ta yi kwana biyu lafiya, ta dawo da halinta. Na biyu ya ce ram ce, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ya cire tawa mai giga 8 ya sa wata mai giga 8, na biya. Gyaran gangar Auzinawa. Na uku ya ɗaga ta ya ajiye, ya ce bod ɗin ne ya fara tafiya, gara in sayar masa a matsayin kayan gyara. Ba zan kama sunan kowa ba, kowa abincinsa yake nema. Shagon da zan yi magana a kai na huɗun ne, yana cikin wani lungu a wajen titin Beirut, inda wani ƙanin matata ya kai ni.

Shago ne ƙarami, benci ɗaya, tebur cike da gawawwakin kwamfutoci, da yaro guda yana hure ƙura. Mai shagon, wanda kowa ke kira Injiniya, bai karɓi kwamfutar daga hannuna ba. Tambaya ya fara.

"Yallaɓai, me kake yi da ita a daidai lokacin da take mutuwa?"

Na ce lissafi. Ya ce ba wannan ba, tana kan intanet ko ba ta kai? Nan na yi shiru. A kasuwa wayata nake kunna wa hotsifot in riƙa tura wa masu kaya takardu. A gida kuwa ba na haɗa ta da komai, don data ta yi tsada. Na kuma tuna cewa sau da yawa tana yi ne idan na rufe murfin na tafi sallah, na dawo na buɗe, tana cikin neman wai-fai sai shuɗin ya bayyana. Ya gyaɗa kai ya ce in kwashe duk takarduna a filas kafin ya taɓa komai, ya jira har na gama. Daga nan ya fara shiga raina.

Abin da ya yi bayan haka shi ne dalilin wannan rubutu. Ashe duk lokacin da Windows ya faɗi, yana barin ɗan rubutu na abin da ya faru a wani ma'aji mai suna Minidump, cikin babban ma'ajin Windows. Mutum uku sun riƙe kwamfutar nan, babu wanda ya leƙa wurin. Ya buɗe, muka tarar da guda 11, duk na bayan fomatin ne, na da an share su. Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya da WinDbg, manhajar Microsoft da ake samu kyauta. Kusan duka saƙo ɗaya suke ɗauke da shi, DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, mai lamba D1 a ƙarshe. Na sha ganin wannan dogon rubutu a allon, na ɗauka ado ne. Tara daga ciki sun nuna fayil guda, wanda sunansa ya ƙare da .sys, kuma na direban katin wai-fai ne, wato manhajar da ke sarrafa katin. Sauran biyun sun nuna ndis.sys.

Na ce to ashe ɓarayin biyu ne. Ya yi dariya ya ce a'a, ndis.sys na Windows ne, ta hannunsa duk direbobin katin sadarwa ke bi, shi ya sa wani lokaci a hannunsa ake tsintar kayan. Ɗan aike ne, wanda ya aiko shi za a nema.

Na tambaye shi yadda ɗan abin kama intanet zai kayar da kwamfuta sukutum. Amsar da ya ba ni har yanzu ina maimaita ta ga mutane. Ya ce direba wata ƙaramar manhaja ce da ke tafinta tsakanin Windows da kowane ƙarfe da ke cikin kwamfutar, kuma ba a tsakar gida take aiki ba, a can ƙuryar ɗaki take, inda Windows kansa yake. Idan Excel ya rikice, shi kaɗai za a rufe, kamar fasinja ne ya yi rigima aka sauke shi. Idan direba ya kai hannu wani sashe na ma'adana a lokacin da bai halatta ba, duk wanda ke cikin motar ya shiga uku, sai Windows ya gwammace ya taka birki gaba ɗaya da a ɓata abin da ke ajiye. Wato shuɗin allon nan da nake tsine wa, da gangan ake yin sa don a tsare lissafina.

Duk da haka bai yanke hukunci ba. Ya shiga Device Manager, inda Windows ke jera duk ƙarafan cikin kwamfuta, ya kashe katin wai-fai, ya haɗa wayarsa da kwamfutar ta igiya, ya sa ta sauke wani ƙaton fayil. Daga azahar har bayan la'asar ko tari ba ta yi ba. Ya rufe murfi ya buɗe ya fi sau goma, shiru. Sai ya kunna katin, ya mayar da ita kan wai-fai, ya ci gaba da sauke fayil ɗin. Ban gama shan ruwan leda ba allon ya yi shuɗi. Ban taɓa murnar ganin wannan fuskar ba sai ranar.

A nan ne kuma na fahimci abin da ya sa fomatin ya yi kwana biyu kawai. Da aka sauke sabon Windows, tana hawa intanet ta janyo irin direban nan da kanta. Ƙari a kan haka, akwai maɓalli a Device Manager mai suna Roll Back Driver da ke mayar da direban da ya gabata, amma nawa ya dusashe ba ya dannuwa, saboda fomatin ya share tsohon. Da a ce nan na fara zuwa, mai yiwuwa aikin minti biyar ne.

Gyaran kansa ba shi da wani tsawo. Ya cire direban, ya sa alama a akwatin da ke cewa a goge shi ƙurmus, ya juya kwamfutar ya karanta lambar da ke ƙasanta, ya shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta ya ɗauko wanda suka tanadar wa wannan samfurin. Ya girmi wanda aka cire, abin da ya ɗan dame ni, amma ya ce sabo ba shi ne daidai ba, wanda aka gwada da irin kwamfutarka shi ne. Ya cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe katin don tattalin batir, tunda a wajen farkawa daga barci take yawan faɗuwa. Ya kuma ɓoye wancan sabuntawar don kada ta sake sauka da kanta, tare da gargaɗin cewa wata babbar sabuntawa na iya dawo da ita. Ya kuma yi mini kashedi cewa kada in kuskura in sauke manhajojin nan masu alkawarin gyara duk direbobi da danni ɗaya.

Ya buɗe bayanta ya nuna mini katin. Ɗan mitsitsi ne, milimita 22 da 30, da siraran wayoyi biyu, baƙa da fara, waɗanda suka bi ta maƙogwaron murfi suka haura gefen allo, su ne eriyarsa. Ya zare shi, ya goge, ya mayar. Ya ce in matsalar ta dawo duk da haka, to katin ne da kansa, sai a canza shi ko a sayi ƙaramin da ake sokawa ta gefe. Bai matsa mini in saya ba, ga su kuwa rataye a bayansa. Ya ma ce wasu tsofaffin kwamfutoci ba sa karɓar kowane kati sai wanda kamfaninsu ya amince da shi, don haka kada in sayi kati a kan hanya. Tsohuwar ram ɗina da na zo da ita a aljihu ya gwada ta kwana guda, ba ta da lahani ko kaɗan, ya soka ta a rami na biyu. Yanzu giga 16 gare ni, ko ba komai kuɗin mai gyara na biyu bai tafi a banza ba.

Sai abin da bai yi mini daɗi ba, don kada a ce an biya ni. Ya ce in dawo gobe da safe, ban karɓe ta ba sai jibi da yamma, a tsakiyar kaka. Waya ba ya ɗauka, in ka kira sau biyar yaron zai ɗaga ya ce, "Oga yana aiki, Baba." Wurin zama babu, janareton maƙwabci a kan kunnenka yake. Kuɗinsa ya kusa ninka na fomatin, kuma ba ya ragi, na yi magiya ya ce lokacinsa ya sayar mini ba kaya ba. Rasit sai da na roƙa, shi ma a bayan wata takarda aka rubuta. Wanda ke son a gama masa yanzu-yanzu ya wuce, nan ba wurinsa ba ne. Kalmar sirrina ma sai da na bar masa saboda gwajin dare, abin da ban so ba ga mai riƙe da lissafin mutane. Na cire takardun kafin in tafi, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka a kowane shago.

Akwai maganar da ya faɗa a kan hanyar fita wadda ban so ji ba: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma tawa ta tsufa da ɗaukar Windows 11 ta hanyar da aka amince. Ya ce in fara tanadi, amma ba wannan ne ciwon da ya kawo ni ba.

Yau mako bakwai. Shuɗin allo bai dawo ba. Sau ɗaya wai-fai ya yanke a mako na uku, na kashe na kunna ya kama. Batirin kamar ya ɗan fi saurin sauka, ko kuwa ni ne na fara sa ido. Direban da ya sa yana cikin filas a jakata, da sunansa rubuce a jikin leda. Da na isa gida ranar na ga ƙusa ɗaya babu a bayan kwamfutar. Na kira, bayan sau shida yaron ya ɗaga, ya ce tana nan a cikin murfin kwalba, in zo duk ranar da na shigo gari. Har yanzu riɗi bai bar ni na je ba.