Gidan motsa jiki na mata zalla a Kano: yadda yake karɓar macen da ta haura shekara 40

Gidajen motsa jiki na mata zalla sun fara yawaita a Kano, amma akasarinsu an tsara su ne da tunanin 'yan mata da amaren da ke son su faɗa kafin ranar biki, shi ya sa abin da ake yi a cikinsu bai wuce tsalle da guje-guje da kiɗa mai ƙarfi ba. Macen da ta haura shekara 40, wadda ta haihu ta yaye, gwiwarta ta fara yi mata ƙara idan za ta miƙe, likita kuma ya riga ya ja mata kunne a kan hawan jini, ba ta da gurbi a irin wannan tsari. Gidan da nake son yin bayani a kansa yana yankin Tarauni, kuma abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ajin safe da ya ware domin manyan mata. Na daɗe ina zuwa wannan aji, kuma ra'ayina shi ne aikin da ake yi a cikin zauren ya cancanci yabo, yayin da abin da ake sayarwa a teburin karɓar baƙi ya cancanci a yi masa magana.

Ta fuskar sirri ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Katangar gidan doguwa ce, mai gadi yana tsayawa ne a ƙofar waje, kuma daga ƙofa ta biyu zuwa ciki babu namijin da yake shiga, ko mai gyaran injin ne sai an tashi. An hana ɗaukar hoto da waya a cikin zaure, dokar da ake bi da gaske, domin na ga an tsayar da aji an roƙi wata baiwar Allah ta goge abin da ta ɗauka. Akwai ɗakin sauya kaya, da wurin alwala, da ɗan ɗakin salla mai tsabta. Wanda bai san halin da matanmu suke ciki ba zai ɗauka waɗannan ƙananan abubuwa ne, alhali su ne suke sa maigida ya amince, su ne kuma suke sa mace ta cire hijabi ta yi gumi hankalinta kwance.

Ranar rajista ba a barin mace ta hau kowane inji sai an zauna da ita. Malamar da ke kula da ajin tana auna hawan jini, ta ɗora mutum a sikeli, sannan ta ɗauko tef irin na tela ta auna ƙugu, ta kuma yi tambaya a kan magungunan da ake sha, da ciwon suga, da ciwon gwiwa ko na baya, da ko al'ada ta fara rikicewa. Wadda aka samu jininta ya hau sosai ana ba ta haƙuri, a ce ta fara ganin likita ta dawo da izini. Awon ƙugun shi ne ya fi burge ni, saboda shi ne ya nuna mini cewa malamar ta san abin da take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙugun mace idan ya wuce santimita 80 haɗarin ciwon suga da ciwon zuciya ya fara ƙaruwa, idan kuma ya wuce 88 haɗarin ya yi yawa. Yawancin mata suna daina al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma a wannan tsakani sinadarin isturojin yana raguwa a jiki, kitsen da a da yake taruwa a cinya da mazaunai sai ya koma taruwa a ciki. Wannan ne dalilin da mace za ta ga sikeli bai motsa sosai ba amma zanen da take ɗaurawa ya daina zagayawa yadda ya saba, kuma wannan teɓar ta ciki ita ce mai illa. Malamar takan ce, "Hajiya, ki rabu da sikeli tukuna, ƙugun nan shi za mu sa wa ido."

Ajin yana ɗaukar kimanin awa ɗaya. Ana farawa da miƙe gaɓoɓi a hankali, sannan a rarrabu, wasu su hau injin tafiya, wasu su hau keken da ake tuƙawa a tsaye wuri ɗaya, wanda ya fi sauƙi ga masu ciwon gwiwa tunda nauyin jiki yana kan sirdi. Ma'aunin da malamar take amfani da shi wajen gane ko mace ta wuce gona da iri ba ya bukatar wata na'ura: takan zo kusa ta ja ki da hira, idan kina iya amsa mata da cikakkiyar magana kina ɗan haki, to kina daidai, idan kuma numfashi ya hana ki haɗa kalma uku sai ta rage gudun injin da hannunta. Wannan shi ne matsakaicin motsa jiki da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 suke nufi, inda suka shawarci baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako. Idan aka raba mafi ƙarancin adadin, minti 30 ne a rana, kwana 5 a mako. Ba a yin tsalle a wannan aji, ba a kuma yin gasa, kuma ban taɓa jin an kunyata wata don ta tsaya ta huta ba.

Ɓangaren da na fi ba wa muhimmanci, wanda kuma mata da yawa suke gudu da farko, shi ne ɗaga nauyi. Sau biyu a mako ana fito da ƙananan ƙarafa masu nauyin kilo 1 zuwa 3 da robobi masu talewa, a yi aikin hannu da kafaɗa da baya, sannan a jera kujeru a riƙa zama ana tashi ba tare da dafa komai ba. Akwai masu tsoron kada damtsensu ya murɗe ya zama irin na maza, wannan kuwa tsoro ne da ba shi da tushe, domin jikin mace ba ya gina tsoka ta wannan hanya da irin wannan nauyi. Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne akasin haka. Tsoka tana raguwa da kanta yayin da shekaru suke ja, ƙashi kuma yana yin rauni da sauri a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada, kuma macen da ta rage abinci kawai ba tare da ta sa tsokarta aiki ba, tana zubar da tsoka tare da kitse, ta wayi gari ta rame amma ba ta da ƙarfi. Ƙa'idojin da na ambata sun nemi a yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako saboda wannan dalili. Amfanin da na fara gani a jikina, tun kafin ƙugu ya ragu, a wurin salla ne: na koma tashi daga sujada ba tare da na dafa bango ba, kuma da na faɗa a aji sai na tarar kusan kowa tana da irin wannan labari.

Wani abin da ya ƙara mini yarda da malamar shi ne ba ta ɓoye cewa motsa jiki shi kaɗai ba ya rage ƙiba sosai. Tafiya mai sauri ta minti 30 tana ƙona kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, kusan 150 ga mace mai matsakaicin nauyi, alhali babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana ɗauke da kusan 120, kwalbar lemo ta rabin lita kuwa tana da suga da ya kai giram 50, wato duk abin da aka yarda baligi ya sha a yini guda. Duk wadda ta san yawan man da muke kwararawa a miyar dage-dage ko a kan shinkafa da wake za ta gane inda gizo yake saƙa. Shawarar da ake bayarwa a nan ba ta hana tuwo, ba ta kuma tura mace neman abincin da babu shi a kasuwar Rimi ko 'Yankaba. Ana cewa a rage malmala, a ƙara ganye irin su zogale da rama da alayyafo, a riƙa samun wake ko ƙwai ko kifi ko nono a kowane cin abinci, a auna mai da cokali maimakon a tsiyaya daga galan, a rage gishiri da dunƙule saboda hawan jini, a kuma mayar da lemon kwalba abin sha na ranar biki. Burin da ake sa wa mace shi ne ta rage kimanin rabin kilo a mako, kuma ta fara da neman zubar da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyinta. Wannan adadi yana da madogara. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga, wanda aka wallafa sakamakonsa a shekarar 2002, ya nuna cewa waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100, fiye da waɗanda aka ba wa magani. Ga mace mai kilo 90, maganar kilo 5 zuwa 6 ake yi, abin da yake yiwuwa ba tare da ta azabtar da kanta da yunwa ba.

Saboda duk wannan ne abin da ke kan teburin karɓar baƙi yake ɓata mini rai. A can an jera fakitin shayin rage ƙiba da ɗamarar matse ciki, kuma yarinyar da ke zaune a wurin tana tallata su ga duk wadda ta zo biyan kuɗin wata, tana cewa, "Anti, ki haɗa da wannan, cikin mako biyu za ki ga canji." Da na karanta bayan fakitin sai na ga akwai filasko a cikin kayan haɗin, ganyen da iyayenmu suka sani tun da daɗewa a matsayin maganin wankin ciki. Abin da yake yi shi ne ya sa gudawa, jiki ya zubar da ruwa, sikeli ya sauka na kwana biyu, kitse kuma yana nan inda yake. Yawan shan sa yana rage sinadarin fotasiyam a jini, wanda bugun zuciya ya dogara da shi, kuma haɗarin ya fi girma ga macen da take shan maganin hawan jini mai sa fitsari, wato ainihin irin matan da suke cika wannan aji. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni a kasuwar kayan rage ƙiba gaba ɗaya: hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sinadarin sibutramine a ɓoye cikin kayayyakin da aka rubuta musu "na gargajiya", alhali an janye wannan magani daga kasuwannin Turai da Amurka tun shekarar 2010 saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Duk wadda za ta sayi irin waɗannan kaya a ko'ina, mafi ƙarancin abin da za ta yi shi ne ta duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ta kuma nuna wa likitanta kafin ta kai baki. Ita kuwa ɗamarar, gumi kawai take jawowa a fatar ciki, tana kuma takura numfashi a lokacin da ake bukatarsa. Na lura malamar ba ta taɓa ambaton waɗannan kaya a aji ba, kuma idan an tambaye ta takan ce a sha ruwa ya fi, abin da ya nuna mini cewa shawarar sayar da su daga masu gidan ta fito. Gidan da yake auna jinin mace kafin ya bar ta ta hau keke bai kamata ya miƙa mata filasko a hanyar fita ba.

Sauran matsalolin ba su kai wannan nauyi ba, amma suna taɓa jin daɗin zuwa. Injinan tafiya ba su da yawa, don haka wadda ta makara sai ta jira. Idan aka ɗauke wuta ana ɗan jinkiri kafin a tayar da janareta, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano yake kaiwa digiri 40, fankokin da ke zauren ba sa wadatarwa, musamman ga matan da suke fama da zafin jiki mai tasowa farat ɗaya na lokacin ɗaukewar al'ada. Ranar awo kuma ana karanta nauyin kowa da murya a gaban jama'a, abin da na ga ya sa wasu suna ƙin zuwa a ranar, alhali rubuta shi a katin mutum ya wadatar. Kuɗin wata yana da nauyi ga ma'aikaciyar gwamnati ko mai ƙaramar sana'a idan aka haɗa da kuɗin adaidaita sahu na zuwa da dawowa, kuma babu tsarin biya na rana ɗaya, wanda da zai taimaki macen da za ta iya yin tafiyarta a tsakar gida ko a unguwa bayan sallar asuba, ta zo nan kwana biyu kawai domin aikin ƙarafa.

Ajin yamma na kowa da kowa ne, ya fi cunkoso, ya fi sauri, kuma wata malama ce daban take jan sa, don haka macen da ta haura 40 ta nemi ajin safe tun a wurin rajista, ta kuma zo da takardar magungunanta da takalmi mai taushin ƙasa wanda ya kama ƙafa. A watan azumi ana mayar da ajin manyan mata zuwa bayan sallar tarawi, a rage tsawonsa zuwa rabin awa, kuma masu ciwon suga ana neman su zo da izinin likita kafin a sake karɓar su a wannan wata.