Gashin ƙashi da gilashin VR ga yara masu galahanga, abin da na gani

Gaskiya tsarin nan na gashi da gilashin VR, wato wanda ake sawa a fuska mutum ya ga kamar yana cikin wani wuri daban, ya burge ni amma ba duka ba. Ɗana yana da galahanga, tsayuwa da ƙafa ɗaya ma wahala take masa, matakala kuwa sai ya kama bango. A cibiyar gashin da muke zuwa suna ɗora yaro kan wani faifai mai auna inda nauyin jiki ya karkata, irin Wii Balance Board ɗin da kamfanin wasanni na Nintendo suka fitar a 2007, sai allo ko gilashi ya nuna masa kamar yana kan siririyar gada, in ya karkata hagu gadar ma ta karkata, nan take yake gani ya gyara da kansa ba sai an yi ta masa magana ba, wanda dama yawan magana shi ke rikita shi. Daidaiton jiki ai aikin ido ne da cikin kunne da tafin ƙafa, wasan yana haɗa su wuri ɗaya.

Inda ban ji daɗi ba shi ne gilashin, yana da nauyi, madaurin yana matse kai, yaron da ba ya son a taɓa masa kai fa ba zai yarda ba, wasu kuma jiri yake sa su har da tashin zuciya. Ma'aikaciyar kam Allah ya saka mata, ta rage ƙara ta koma allo kawai. Yanzu yana hawa matakala hannu sake, amma atisayen gida ba mu daina ba.