Ruwan Gishiri ko Lambar Waya: Murya Biyu a Lokacin Ebola

A watan Agusta na 2014, saƙo ya zaga wayoyi da Facebook a Najeriya cikin dare: ku tashi ku yi wanka da ruwan gishiri, ku sha, ko Ebola ta kashe ku. Iyaye mata suka ɗora tukwane kafin asuba, suna tayar da yara cikin magagin barci. Saƙon ba shi da mai shi, ba shi da hujja, tsoro kaɗai ya ba shi ƙafa. Mutane suka kwanta asibiti, an kuma ba da rahoton rasuwar aƙalla biyu.

A Legas kuwa, wata murya ake ji. Dakta Stella Adadevoh ta hana Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da cutar daga Laberiya, barin asibiti, ta kamu da cutar ta rasa ranta a dalilin haka, abin da har yau yake taɓa min zuciya. Jami'an lafiya ba su ɓoye haɗarin ba, amma kowace sanarwa tana zuwa da abin yi: wanke hannu da sabulu, ga lambar da za ka kira, wanda ya zo da wuri yana iya warkewa. Suka bi sawun kusan mutum 900 da suka yi mu'amala da masu cutar gida-gida, ana auna zafin jikin kowa kwana 21.

Murya ta farko ta fi sauri, ba gardama, tunda manhajoji sun fi tura abin da ke tayar da hankali. Ni dai ta biyun nake so shugaba ya riƙe, domin ita ce ta sa mai zazzaɓi ya fito maimakon ya ɓuya. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Najeriya ta rabu da cutar.