Ƙirar hannu ko ta kamfani: wace bindigar Sifen za ka ɗauka?

Ɗan'uwa, ka ce kana son bindigar ɗuri ta Sifen, irin wadda ake zuba wa albarushi ta baki, don ka ajiye kuma ka riƙa fita farauta da ita, amma ka rasa wadda za ka zaɓa tsakanin ƙirar hannu da ta kamfani. To, abin da ya raba su ya wuce kuɗi.

Mu fara da ta hannun, don ita ce ke da labari. Maƙeran da ke kwaikwayon tsohuwar eskofeta, wato bindigar Sifen ta dā, suna yin ta ne da kunamar da ake kira mikelet. Sifirin ɗinta a waje yake, a jikin farantin ƙarfe, kana ganinsa da idonka. A saman kunamar akwai zobe babba da za ka murɗa da yatsa ka matse ƙanƙarar, ba sai ka nemi sukundireba a daji ba. Ƙarfen da ƙanƙarar ke daka yana da zane-zane a tsaye, shi ya sa ko dutse marar kyau ka saka sai ya ba da wuta. Sojojin Sifen sun bar wannan ƙira sun koma irin ta Faransa a shekarun 1750, amma a 1791 suka dawo gare ta. Ni wannan dawowar ce ta fi gamsar da ni, domin soja ba ya komawa ga abin da ya taɓa ba shi kunya. Aibinta ɗaya: ƙarfin sifirin yana cinye ƙanƙara da wuri.

Bututun ma da tarihinsa. Maƙeran Madrid na ƙarni na 18, irin su Nicolás Bis, suna ƙera shi ne da tsofaffin takalman dawaki, kuma manyan Turai sun yi ta rububin sa. Na yau da ƙarfen zamani ake yi, siffar kawai aka riƙe.

Ta kamfani kuwa, irin wadda Ardesa ke yi kusa da Bilbao ana sayarwa a Amurka da sunan Traditions, ko wadda Dikar ke yi a Bergara da sunan CVA, yawancinta ba ƙirar Sifen ta dā ba ce. Siffar bindigogin Amurka ce aka ƙera a ƙasar Basko, yankin arewacin Sifen inda waɗannan garuruwa suke. Tana da araha, kayan gyaranta na samuwa, kuma da yawa hular tartsatsi, wato 'yar hular ƙarfe da ke ba da wuta idan kunama ta dake ta, suke amfani da ita maimakon ƙanƙara, hular kuwa ta fi jure damina.

A fagen farauta nan ne za ka yi wa kanka gaskiya. Cikin bututun eskofeta sumul yake, don haka dalma guda ba ta da tabbas idan ta wuce kamar mita 50, sai dai tana ɗaukar ƙananan harsasai na tsuntsu da zomo. Ta kamfani mai murɗaɗɗen zane a cikin bututu, wanda ke juya harsashi, za ta kai maka mita 100 cikin natsuwa. Maharban da suka saba da bindigar toka sun san wannan lissafi: sai ka matsa kusa.

Idan ajiya da son tarihi ne suka fi ƙarfi a zuciyarka, jira ta hannun, ko da maƙerin zai ɗauki watanni. Idan nama kake so a tukunya bana, ɗauki ta kamfani. Ni ta hannun zan ɗauka.

Ko wacce ka saya, duba hatimin gwaji a jikin bututun. Na Sifen daga gidan gwajin bindigogi na garin Eibar yake fitowa, ta hannu kuwa ka tambayi maƙerin yadda aka gwada ta. Ka nemi lasisi kafin ta shigo gidanka. Kuma don Allah kada ka taɓa zuba mata hodar harsashin zamani marar hayaƙi, ko kaɗan, domin tana iya fasa bututun a hannunka.